Rediyon Jibrin Na-Ɗaya

Duk wanda ya zauna a Bebeji a shekarun da aka fara buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci ya san Jibrin Na-Ɗaya. Teburinsa yana gindin ɗurumin bakin kasuwa, da kwalbar tawada da alƙalami biyu, ɗaya a hannu, ɗaya a bayan kunne. Shi ke rubuta wa mutane wasiƙa zuwa ga 'yan'uwansu da suka tafi cin rani Jos ko Ikko. Sunan kuwa bakinsa ne ya jawo masa, domin ba ya yin zance uku bai ce, "Lokacin da muke Midil a birni, ni ne na ɗaya," ba. A cewarsa, ranar da zai bar makaranta sai da Baturen makaranta ya share hawaye da hankici. Babu mai ƙaryata shi, don duk masu zama gindin ɗurumin babu wanda ya taɓa leƙa ƙofar Midil.

Wata Laraba bayan an gama girbin dawa, aka kawo masa wasiƙa tasa ta kansa. Abin da ke ciki kaɗan ne: ana gayyatar tsofaffin ɗalibai taro a makaranta ranar Asabar ta uku, don su gaisa, su kuma yi wa tsohon malaminsu, Malam Abdussalami, ban-gajiya, tunda ya ajiye aiki ya koma garinsu Doguwa. Amma da Jibrin ya ɗaga ido ya ga wakilin dagaci a cikin masu sauraro, ya kuma tuna ana neman wanda zai riƙe ajin yaƙi da jahilci, sai wasiƙa ta yi tsawo.

Ya ce, "Sun ce in ban zo ba a fasa taron. Kuma ni zan yi jawabi, da Turanci, tun daga bisimilla har tammat."

Wakilin dagaci ya gyaɗa kai ya ce, "To, Malam Jibrin, in ka dawo sai mu yi maganar ajin nan."

Da ya shiga gida, matarsa Salamatu tana tankaɗe, labari ya riga ya iso mata ta kan danga. Ta ce, "Malam, na ga takardar a hannunka, layi huɗu ne. An ce kuma tun hantsi kake karanta ta har aka kira azahar."

"Turanci haka yake. Kalma ɗaya sai ta haifi goma."

"Allah ya raya su," in ji ta, ta ci gaba da tankaɗenta.

Washegari ya hau kekensa ya nufi Kiru. Shekara goma sha biyu yana kauce wa garin nan, saboda a can Habu tela yake, wanda suka zauna benci ɗaya da shi. Amma yanzu yana bukatar kwat, yana kuma bukatar ya ɗinke bakin telan kafin taro. Yana yin sallama a ƙofar shago ya tarar da baƙo zaune a kan buhun auduga, wani dogo baƙi da kakin ma'aikata. Wada ne, na ukunsu a benci, wanda yanzu malamin daji ne a wajen Tudun Wada. Shi ma wasiƙar ce ta kawo shi.

Aka yi ta kallon kallo, sannan aka fashe da dariya, aka rungumi juna. Aka tambayi iyali, aka tambayi iyaye, aka yi wa waɗanda suka rasu addu'a. Habu ya aika aka kawo fura.

Habu ya ce, "Na ji labarinka, Jibrin. An ce Na-Ɗaya ake kiran ka."

"Mutane ne da sa suna."

"Ai ba su yi ƙarya ba," in ji Wada. "In aka faro daga ƙasan takarda."

Jibrin ya leƙa waje ya ga ko akwai mai wucewa. "Wannan tsohon zance ne. Ku dai ku ce mini yaushe za mu tashi."

Habu ya aje ludayinsa. "Ni fa ba za ni ba. Yanzu Wada yake ce mini wasu a cikinmu sun zama akawun kotu, wani ma har Ingila aka kai shi. In aka zo kaina in ce me? In ce ina taka keke ina cin zare?"

Wada ya ce, "Kai ma ke nan da kake cikin gari. Ni shekara bakwai ba ni da abokin hira sai birai da Fulanin rugar da ke kusa. Turancin ma ya gudu. Rannan Baturen daji ya tambaye ni ƙarfe nawa, na ce masa lafiya lau."

Jibrin ya miƙe tsaye, ya cire alƙalamin bayan kunne ya nuna su da shi. "Abin da ya sa kuka tsaya a inda kuke ke nan, ba ku da dabara. Mutum shigarsa ce. Habu, ka ɗinka mana kwat uku. Ni zan yi magana, ku kuwa ku tsaya a bayana kuna gyaɗa kai. Sannan mu kai wa Malam kyautar da za ta sa akawun kotu ya ji kunyar tasa."

Wada ya ce yana da gorar zuma farar saƙa da zai iya kawowa.

"Gora? Kowa na iya kai ruwa, Wada. Mu rijiyar za mu kai. Amya guda, da 'yan cikinta."

"Mutumin Doguwa za ka ɗaukar wa ƙudan zuma ka kai masa birni? Shi da suke kwana a bayan gidansa?" in ji Wada.

"Kyauta sai a gaban jama'a take kyauta."

Habu da Wada suka dubi juna. Kowannensu a ransa yana son ya sake ganin tsohon malamin nan, kunya ce kawai ta riƙe shi. Habu ya ce, "Ni dai zan je don Malam. Amma da rigata zan je."

"Ni ma da kakina," in ji Wada.

Saboda haka kwat ɗaya aka yanka. Da Habu ya ɗauko tef zai auna ƙugu, Jibrin ya ture hannunsa. Ya ce shi ya san awonsa tun yana makaranta, inci talatin.

"Wancan kafin ka haɗu da tuwon Salamatu ne."

"Lissafi ba ya canjawa, Habu. Rubuta talatin."

Habu ya rubuta talatin.

Kwana goma sha biyar Bebeji ba ta huta ba. Da an sallame sallar asuba sai a ji Jibrin a bayan gida, ya tsaya a kan turmi, awaki na kallonsa, yana cewa, "Ledis an jantulman." Daga nan sai ya yi tari, ya sake cewa, "Ledis an jantulman," don iyakar abin da ya zo masa ke nan. A rana ta uku Salamatu ta fito da muciya a hannu.

"Malam, wace Ladi ce wannan da kake kira tun duku-duku?"

"Mata ke nan da Turanci."

"Makarantar taku da mata ce?"

"Babu. Amma haka ake farawa."

"To ka ƙarasa mana, mu ji abin da aka ce wa matan."

Ya ce sauran sirri ne, sai ranar taro. Tasalla mai ƙosai, maƙwabciyarsu, ta leƙo ta kan danga ta ce akuyarta ta daina ba da nono tun da aka fara Turancin nan.

Ranar Juma'a ta ƙarshe ya karɓo kwat ya wuce Tudun Wada wurin Wada. Aka shirya washegari su haɗu da Habu a Kwanar Dangora su shiga motar Kano. Wada ya kai shi wurin wani tsoho mai suna Umaru, mai amya fiye da ashirin a kan itatuwan ɗorawa. Tsohon ya ce zai ba da ɗaya don darajar malamin daji, amma ya ƙara da cewa, "Ɗana, ba a tafiya da su cikin rana. In suka ji zafi, ba su san sarki ba."

"Baba, mun karanta su a littafi. Ƙudan zuma in ya ga duhu barci yake yi."

"Su sun karanta littafin?"

Jibrin ya yi kamar bai ji ba. Da sanyin safiyar Asabar, kafin ƙudaje su fara fita, Umaru ya toshe bakin amya da tsumma da laka ya sauko da ita. Jibrin ya naɗe ta cikin baƙin bargo don duhun ya ƙaru, ya ɗaure a bayan keke. Sannan ya shiga ɗaki sa kaya. Sai da Wada ya taka bango da ƙafa ɗaya ya ja sannan maɓallin wando ya shiga. Jibrin ya fito yana tafiya kamar zakaran da aka ɗaure wa ƙafa, laktaye ya shaƙe masa wuya.

"Ka ga Bature?" ya tambaya.

"Na ga wanda ba zai iya ruku'u ba," in ji Wada.

Hawa keke ya gagara, don ƙafa ba ta ɗaguwa. Ala tilas Wada ya ɗauke shi a bayan nasa keken, zaman mata, ƙafafu a gefe ɗaya, Jibrin yana riƙe da kan ɗaya keken yana jan sa. Sau biyu suna faɗawa kunyar gona. Rana ta ɗaga, baƙin bargo ya sha zafi, abin da ke ciki ya fara gunaguni. Kafin su kai rabin hanya gunagunin ya zama ruri.

Wada ya ce, "Jibrin, barcin nasu da minshari."

"Alamar ya yi nauyi ke nan."

Suka isa Kwanar Dangora rana tsaka, ga shi ranar kasuwa, tasha ta cika maƙil. Fataken Bebeji suna nan, Tasalla ta kafa kaskonta, har wakilin dagaci ya zo sayen bijimi. Suna ganin Jibrin cikin kwat suka yo kansa, ana ta "Sai Na-Ɗaya." Habu yana tsaye a gefe da farar rigarsa, ya dubi wandon ya kau da kai.

Motar Kano tana tsaye, mai bodin katako, an kusa gama lodi. Direbanta, wani gajere mai suna Uba, ya zagayo ya tsaya a kan ƙunshin bargo, ya karkata kunne.

"Malam, mene ne wannan yake kuka?"

Jibrin ya san in ya faɗi gaskiya ba mai ɗaukar sa. Ya kuma ga idanun Bebeji duk a kansa. Ya gyara laktaye ya ce, "Rediyo ne."

Wada ya rufe ido. Habu ya ja da baya taku uku.

Kafin ka ce kwabo an yi musu zobe. A lokacin ba kowa ya taɓa ganin rediyo ba, sai dai labari. Wani mahauci ya durƙusa ya manna kunne a bargo, ya ɗago ya ce, "Wallahi magana suke yi."

"Landan ke nan," in ji Jibrin. "Suna ba da labarun duniya."

"Me suka ce?" in ji Tasalla.

Jibrin ya sunkuya iyakar yadda wando ya bari, ya saurara da fuskar masana. "Sun ce bana gyaɗa za ta yi daraja."

Aka ɗau kabbara. Wani Bafulatani ya ce a tambayar masa ko za a yi ciwon shanu. Wata tsohuwa ta ce ɗanta soja ne, ko rediyon ya san inda yake. Jibrin ya yi ta ba da amsa, kowa da tasa, rediyo kuwa sai ƙara murya yake yi.

Wakilin dagaci ya ce, "Malam Jibrin, kamar ransu a ɓace yake."

"Majalisa ce suke yi. Haka Turawa suke in suna gardama."

Wada ya matso ya raɗa masa, "Lakar ta tsage. Mu kai shi bayan gari mu aje."

"In aje Landan a bayan gari?" in ji Jibrin da ƙarfi, don a ji. Direba ya ce to a miƙo a ɗora a sama. Jibrin ya ce kayan Turawa ba a ba jahili, shi zai hau da shi da kansa. Ya rungumi amya a ƙirji, ya je bayan mota, ya ɗaga ƙafa zai taka matakala.

Ƙarar da wandon ya yi, har masu awon hatsi sun ji ta. Ya tsage tun daga ƙugu har gwiwa. Jibrin ya yi abin da kowane mai kunya zai yi, ya kai hannu biyu baya. Amya ta sauka a kan dutse ta rabe biyu.

Mahaucin nan ne ya fara magana. Ya ce, "Landan ta fito," ya runtuma.

Abin da ya biyo baya, har yau tsofaffin Kwana in suna ba da labari sai sun share hawaye. Jakunan fatake suka tsinke igiya suka bi ta cikin rumfar masu tukwane. Bijimin da wakilin dagaci ya gama tayawa ya ja shi a ƙasa har bakin rijiya. Tasalla ta kifa kwandon ƙosai a ka tana gudu tana tsine wa Turanci. Masu cikin mota suka yi ta dirowa ta kowane gefe kamar fara a kasko. Wada ya ja Habu suka kwanta a hayaƙin mai tsire suka lulluɓe da riga, don shi ya san halin abin. Ya ɗaga murya ya ce wa Jibrin ya kwanta, kada ya motsa.

Jibrin bai kwanta ba. Hannunsa ɗaya riƙe da wando, ɗaya yana kaɗa laktaye, yana gudu yana zagaya mota, ƙudaje na bin sa kamar ya ci musu gado. Sai da ya yi zagaye huɗu sannan ya faɗa cikin kwamin da ake shayar da jakuna, ya nutse har hula.

Aka kunna tsummoki da kashin shanu aka yi ta hayaƙi. Can ƙudaje suka taru suka yi dunƙule a reshen wani mangwaro. Mutane suka fara fitowa ɗaya-ɗaya, kowa da kumburinsa. Aka tsamo Jibrin. Idonsa na hagu ya rufe, leɓensa na sama ya yi kamar ƙosan Tasalla.

Sai aka ji ƙofar gaban mota ta buɗe. Wani dattijo mai farin gemu da tabarau ya sauko a hankali, ko ƙuda ɗaya bai taɓa shi ba, don tun da ya ji kukan bargon ya ɗaga gilashi. Wada da Habu suka zube ƙasa.

"Allah ya gafarta Malam."

Malam Abdussalami ne, ya taso daga Doguwa za shi taron. Ya dube su ya kira kowa da sunansa da na mahaifinsa. Sannan ya juya ga wanda ke ɗigar da ruwa, ya daɗe yana kallo.

"Wannan fuskar ban gane ta ba. Amma aikin na gane shi. Jibrin ne."

Wakilin dagaci ya matso yana ɗingishi, ya gaishe shi ya ce, "Malam, ashe kai ka koyar da Na-Ɗaya."

"Wa?"

"Jibrin. Ai shi ne na ɗaya a ajinku."

Malam ya cire tabarau ya goge. "A zamanina, shi ne na ɗaya da ya fara maimaita aji sau biyu. Shi ne kuma na ɗaya da ya tafi gida kafin a gama. Ban sani ba ko akwai wani ɗayan."

"To jawabin Turancin fa?"

"Wane jawabi? Shayi za mu sha mu ɗauki hoto."

Dariyar da aka yi, har waɗanda bakinsu ya kumbura sai da suka yi ta suna riƙe da kunci. Jibrin ya buɗe baki zai kare kansa, abin da ya fito sai "bu, bu." Ya juya ya nufi kekensa, kansa a ƙasa.

Malam ya ce, "Ina za ka? Mun aika wa duk wanda sunansa ke cikin rajista, da wanda ya gama da wanda bai gama ba. Ni yarana nake son gani. Habu, da allura a jikinka?"

"Ba na rabuwa da ita, Malam."

"To rufa wa ɗan'uwanka asiri, mu tafi."

A bayan mota Habu ya ɗinke wandon, ya ƙara masa ƙyalle daga bargon. Wada ya yi ta cire masa ƙarin ƙudaje da farce yana shafa masa toka. Umaru dai sai daga baya aka aika masa ya zo ya kwashe 'ya'yansa daga kan mangwaro.

Taron kuwa bai zama yadda suka ji tsoro ba. Akawun kotu ya yi sanƙo, wanda ya je Ingila ya dawo da ciwon ciki ba ya cin komai sai kunu. Mutum huɗu suka kama rigar Habu suna tambayar wa ya yi wannan aiki, suka ce a auna su nan take. Wada ya fara labarin giwayen dajin Falgore yana jin kunya, ya ƙare da rabin aji a zagaye da shi, shayi ya huce ba wanda ya sha. Jibrin yana zaune a kusurwa tun farko har ƙarshe, kowa ya gaishe shi sai ya ɗaga hannu ya gyaɗa kai. Tsofaffin abokai suka yi ta mamaki. Suka ce wa Habu, "Jibrin ne wannan, mai surutun nan? Kai, girma ya zo. Dubi yadda ya yi ƙiba, ga nutsuwa."

Ajin yaƙi da jahilci dai wani aka ba. Kwana shida Jibrin bai fita gindin ɗurumi ba. A na bakwai leɓe ya saɓe, magana ta dawo. Yana zaune a tsakar gida Salamatu ta kawo masa kunu, ya kurɓa ya gyara murya.

"Ajin nan ni na ce ba na so, ya yi mini ƙanƙanta. Kin san abin da aka ce a taro? Mutum sittin, har da wanda ya je Ingila, kowa ya ce duk wurin babu mai nutsuwa da kamun baki kamar ni."

Salamatu ta ɗauki kwanonta, ta tsaya a ƙofar madafa ta ce, "Na yarda, Malam. Ni ma kwana shidan nan na shaida. Wancan tsohon na Tudun Wada, amya nawa ka ce ta rage masa?"